Gudu ko Juriya: Lissafin Sayen Ƙaramar Fijo Mai Turbo a Ƙasar Rano

A Rano da Kibiya, kamar sauran garuruwan kudancin Kano, Fijo ba baƙuwa ba ce. Duk wanda ya yi wayo a shekarun 1980 ya san 504, motar hakimi da ciyaman da shugaban makaranta. Ya san fikof ɗin 404 da ta sha kwasar masara da gyaɗa daga ƙauyuka, kuma har gobe J5 na nan tana jigilar tumatir da rake a hanyar Kura. Sunan da wannan kamfani na Faransa ya yi a Arewa suna ne na juriya: motar da za a loda wa kaya har sai bayanta ya dusa, ta shiga burji ta fita, ba ta ce uffan ba.

Amma Fijon da ke ɗaukar hankalin matasan yau daban take. Ƙarama ce, mai gajeren baya, ƙofar but ɗinta na ɗagawa sama tare da gilashi, tayoyinta faffaɗa, cikinta kusa da ƙasa, injinta kuma na ɗauke da turbo. Ana ganinta a waya: 207 RC, 208 GTi, 308 GTi, da kishiyoyinsu na gidan Renault, wato Clio RS da Mégane RS. A titunan Rano ba kasafai ake cin karo da su ba, sai dai jifa-jifa sukan ɓullo a wajen dillalan Kano da Kaduna da Abuja, sau da yawa a farashin da bai kai na Corolla sa'arsu ba. Nan ne ma'aikaci ko ɗan kasuwan da ya tara 'yan kuɗinsa yake shiga wasi-wasi: ga ƙarfi, ga kyau, ga araha, to ina matsalar take?

Amsar a taƙaice ita ce, gudun mota yana cikin injinta, ana sayensa tare da ita. Juriya kuwa ba a jikin mota kaɗai take ba. Rabinta na wajen gidan mai, da gareji, da kasuwar kayan gyara, da hanyar da za a bi.

Abin da Kakuri ta gadar

An kafa kamfanin Peugeot Automobile Nigeria, wanda aka fi sani da PAN, a 1972, ya fara haɗa motoci a Kakuri ta Kaduna a 1975. Ba a jima ba gwamnatin soja ta mayar da 504 motar jami'anta, daga manyan sakatarori har zuwa ƙananan hukumomi. A shekarar ta 1975 ɗin ce 504 ta lashe gasar Safari ta Kenya, gasar da ake yi a kan hanyoyin da ba su da bambanci da namu. Kaduna ta ci gaba da fitar da ita har wajen 2005, shekaru da yawa bayan Turai ta daina.

Da za a tambayi tsohon direba abin da ya sa 504 ba ta mutuwa, zai ce ƙarfe ne mai kyau. Gaskiya ne, amma da saura. Injinta na lita 2 bai kai ƙarfin doki 100 ba, saboda haka ba a matsa masa. Kafireto gare ta, wadda bakanike zai kwance a gindin bishiya ya wanke da fetur ya mayar. Tana da tsawo daga ƙasa. Sannan babban abin: masana'antarta na Kaduna, tafiyar 'yan sa'o'i daga Rano, kayanta sun cika Ƙofar Ruwa da Sabon Gari da Panteka, kuma kowane yaron gareji da ita ya koyi riƙe sifana. Ko ta lalace a Saya-Saya, ba za ta kwana a hanya ba.

Wannan gata ne ya ragu bayan an sayar da PAN ga 'yan kasuwa a 2006, bashi ya kai shi hannun hukumar AMCON a 2012, kasuwa kuma ta koma ta motocin Beljiyam da Kwatano. Daga 2022 kamfanin Dangote Peugeot ya fara haɗa motoci a hanyar Kaduna zuwa Abuja, irin su 301 da 3008 da 508 da fikof ɗin Landtrek. Babu ɗaya daga cikin ƙananan motocin gudun nan a jerin. Duk wadda ka gani a Najeriya, wani ne ya shigo da ita da hannunsa, bayan wani Bature ya gama more ƙuruciyarta.

Su wane ne 'yan takarar?

Faransawa sun daɗe da ƙwarewa wajen cusa babban ƙarfi a ƙaramar mota. A 1984 Peugeot ta fitar da 205 GTI, mota marar nauyi da ba ta kai kilo 900 ba, kuma ba ta da turbo. Mai turbo ita ce 'yar'uwarta ta gasa, 205 Turbo 16, wadda ta ci kambun duniya a 1985 da 1986, ta kuma lashe tseren Paris zuwa Dakar a 1987 da 1988, tseren da a wancan zamani yake ratsa Agadez da hamadar Nijar. Renault ma ta fitar da 5 GT Turbo a 1985. Daga wannan tushe motocin da ake magana a kansu suka fito.

A gidan Peugeot akwai 207 RC ta 2007, mai doki 175. Sai 208 GTi ta 2013, mai doki 200, wadda ke kai kilomita 100 a awa cikin daƙiƙa 6.8 daga tsaye, kuma tana iya taka 230. Babbarsu ita ce 308 GTi ta 2015, wadda mafi ƙarfinta ke da doki 270. Dukkansu inji ɗaya suke amfani da shi, ɗan lita 1.6 da ake kira THP, wanda Peugeot ta ƙera tare da BMW, shi ne ma a cikin Mini Cooper S ta wancan lokaci. Dubi lissafin: injin da bai kai na 504 girma ba, amma yana fitar da ninki biyu ko kusan uku na ƙarfinta.

A gidan Renault akwai Mégane RS, wadda ta fara da doki 225 a 2004, zubi na gaba ya zo da 250, daga baya 265 da 275, da inji ɗan lita 2. A 2019 samfurinta na Trophy-R ya zagaye filin Nürburgring na Jamus cikin minti 7 da daƙiƙa 40.1, ya kafa tarihi a ajin motocin da ke ja da ƙafar gaba. An rufe babin Mégane RS a 2023. Akwai kuma Clio RS ta 2013, mai doki 200, da injin da aka aro daga Nissan da giyabos mai kuloci biyu mai canja kansa.

Wani abu da mai saye zai sa a ransa: dokar kwastam ta taƙaita shigo da motar da ta wuce shekara 12, kuma a Janairun 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa. Ke nan 207 RC da tsofaffin Mégane sai dai a same su a hannun wanda ya riga ya yi amfani da su a gida, da duk irin riƙon da ya yi musu.

Abin da turbo ke bayarwa, da abin da yake karɓa

Aikin turbo kamar na zugazugin maƙeri ne: ƙara wa wuta iska don ta ci da ƙarfi. Hayaƙin da ke fita daga inji shi ke juya wata 'yar farfela, ita kuma ta juya wata da ke tura iska cikin injin da matsi. Iska mai yawa na ƙona fetur mai yawa, sai ƙaramin inji ya yi aikin babba. Wannan farfela kan yi juyi sama da 150,000 a minti ɗaya, cikin zafin da kan doshi digiri 900. Abin da ke tsakaninta da ƙonewa ɗan siririn baƙin mai ne da ke zagaya ƙarfen da take juyawa a kai. Idan man ya yi kauri, ko ya ƙazantu, ko ya yi ƙasa, turbo ne ke fara tafiya.

Injin THP ya ci kyautar gwarzon inji na duniya a ajinsa shekara takwas a jere, daga 2007 zuwa 2014. Amma masu shi a Turai, inda mai ke da tsabta kuma gareji ke da kwamfuta, sun san laifuffukansa sarai, musamman na shekarun farko. Sarƙar taimin takan saki, abin da ke ɗaure ta ya yi rauni, har taimin ya goce. Famfon da ke harba fetur da matsi mai tsanani yakan gaji, mota ta riƙa shaƙewa in an taka totur. Gidan tamostat na roba ne, yakan tsage ya zubar da ruwa. Yana shan baƙin mai. Sannan da yake nozul ɗinsa na fesa fetur kai tsaye cikin silinda, fetur ba ya wanke bayan bawul, sai baƙin gawayi ya taru a wurin har iska ta kasa wucewa sosai. An gyara da yawa daga cikin waɗannan a injinan baya-bayan nan, shi ya sa 208 GTi da 308 GTi suka fi 207 RC kwanciyar hankali. An rage ne dai, ba a kawar ba.

Injin Mégane RS na lita 2 ya fi tsufa a fasaha, kuma a nan tsufan alheri ne. Gangar jikinsa baƙin ƙarfe ce, fetur na bi ta bayan bawul yana wanke shi, kuma an san shi da jure wahala. Sai dai bel yake amfani da shi a taimin, wanda dole a canja kan lokaci, kuma canjin na buƙatar kayan aiki na musamman da ke riƙe injin a saiti. Wanda ya yi da ka, zai iya haɗa bawul da fistin. Matsalarsa ta biyu ita ce Renault ba ta da gindin zama a kasuwar kayan gyara ta Kano. Abin da za ka samu na Fijo kafin la'asar, na Renault sai an aika Ladipo a Legas, ko a jira jirgi.

Mai, rana da ƙura

Ƙasar Rano ba ta rasa gidajen mai ba. Ɗan ƙasar ne ma, Alhaji Auwalu Abdullahi Rano, ya kafa kamfanin A.A. Rano da ke da gidajen mai a sassan Najeriya. Abin dubawa shi ne irin man da aka ƙera injin dominsa. Fetur na da ma'aunin jure matsi da ake kira okten. Na yau da kullum a Turai 95 ne, masu irin waɗannan motoci ma sukan nemi 98. Ma'aunin da Najeriya ta gindaya bai kai haka ba. Injin zamani na da na'urar da ke jin ƙwanƙwasa ta rage masa wuta don kare kansa, wato dokin da ka biya kuɗinsu ba duka za ka hau ba. In kuma aka haɗa da zafin Afrilu na digiri 40 da totur a ƙasa, kariyar tana da iyaka.

Ga kuma gurɓataccen mai. A Fabrairun 2022 kamfanin NNPC ya tabbatar da cewa an shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol daga Antwerp ta Beljiyam, motoci da dama suka lalace, layi ya dawo gidajen mai. Wannan babba ne da duniya ta ji. Ƙaramin kullum yana cikin galan ɗin 'yan bumburutu, inda ba ka san abin da aka gauraya ba. Tsohuwar Golf ko 504 za ta sha ta yi tari ta wuce. Famfon THP da nozul ɗinsa ba su da wannan haƙurin. Mai irin wannan mota ba shi da damar cewa mai ya yanke masa a Tarai ko Rurum bari ya sayi lita biyu a bakin hanya.

Kuɗin man ma ya shiga lissafi. Kafin 29 ga Mayun 2023, ranar da Shugaba Tinubu ya ce tallafi ya tafi, lita ba ta kai naira 200 a farashin gwamnati ba. Kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000 a wurare da yawa. A nan ƙaramin inji mai turbo yana da abin faɗa: in ana lallaɓa shi, bai kai manyan motoci masu silinda shida sha ba. Amma wanda ya sayi GTi don ya lallaɓa ta, me ya kai shi saye? Dala kuma da take wajen naira 460 a farkon 2023 ta wuce 1,500 a 2024, kuma kowane famfo da kowace na'ura ta wannan mota da kuɗin waje ake sayo su.

Hunturu na zuwa da nasa. Ƙurar Disamba da Janairu kan toshe matatar iska cikin 'yan makonni, kuma ƙurar da ta sulale ta wuce, fukafukan turbo take ci.

Daga Karfi zuwa Kibiya

Rano na da nisan wajen kilomita 60 daga birnin Kano. Kashin farko na tafiyar, tagwayen hanyar Kano zuwa Zariya da aka sake ginawa, shi ne inda irin wannan mota za ta nuna kanta: wuce tirela cikin ƙiftawar ido, birki mai kama ƙasa, sitiyari mai jin magana. Wannan amfani ne na gaske, domin daɗewa a gefen babbar mota haɗari ne. Amma dokar hanya ta tsayar da ƙananan motoci a kilomita 100 a babbar hanya, 80 a sauran, 50 a cikin gari. Duk abin da ke sama da haka a agogon motar, ado ne.

Da an karya kwana a Karfi aka nufi Bunkure, labari ya canja. Hanya ce ta manoma: babur ɗauke da buhun shinkafa, kurkura, amalanken shanu, garken awaki, yara 'yan makaranta, da tudun rage gudu da mutanen gari kan gina da kansu bayan wani haɗari, kowanne da tsayin da maginin ya ga dama. Motar da aka dusar da ita don ta kama kwana a Turai, a nan sai ta hau tudun a karkace, direba na cije leɓe yana sauraron ƙarar cikinta a kan siminti. Taya ita ce matsala ta biyu. 208 GTi na tafiya a kan rim mai inci 17, babbar 308 GTi a kan 19, da roba siririya wadda ba ta da naman da zai sha duka. Rami ɗaya da ruwan Agusta ya ɓoye ya isa ya kumbura taya ya lanƙwasa rim, kuma mai faci a Kibiya ba ya ajiye wannan lamba. Wanda gonarsa ko gidan iyayensa ke Fammar ko Zurgu, inda kwalta ke ƙarewa, da damina sai dai ya ajiye ta ya hau babur.

A nemi bakanike kafin mota

Makanikanmu gwanaye ne, amma a makarantar 504 da Toyota suka yi karatu, kuma wasu darussan can guba ne a nan. Mota ta yi zafi, a cire tamostat a jefar, a haɗa fanka kai tsaye. A cika lagireto da ruwan rijiya. A yi juye da mai mai kauri don "ya riƙe inji". Wuta ta kama a dashbod, a ce rabu da ita, haka Fijo take. Kowanne daga cikin waɗannan na rage kwanan injin THP. Shi siririn mai yake so, irin 5W-30 na gaske ba jabu ba, da ruwan sanyaya inji na kanti, da rewaya mai kwamfutar da ke karanta birenbos ɗin Peugeot. Tazarar juye ta kilomita 20,000 ko fiye da aka rubuta wa Turai ba ta wannan ƙasa ba ce. Mai hankali zai yi a 5,000 zuwa 7,000.

Sa'ar da Fijo ta ci ita ce, dangin wannan inji na cikin 508 da 3008 da aka sayar a Najeriya, saboda haka akwai masu gyaran da suka saba da shi a Kano da Kaduna, akwai kuma kaya. Amma a Kano ɗin suke. Duk ƙaramar matsala tafiya ce, babba kuma kuɗin janwe ne.

Ranar duba mota

Kada a yarda a je a tarar an riga an tayar da ita. A je da sassafe, a ɗora hannu a kan inji a tabbatar da sanyi yake, a buɗe bonet, wani ya murza makulli kai kana tsaye a gaba. Daƙiƙun farko su ne shaida: in ka ji kacau-kacau kamar na injin dizal kafin ya lafa, sarƙar taimin ce ke magana. A zaro sandar mai a duba, a leƙa ƙasan murfin ko akwai farin kumfa. A dubi robar ruwa da kewayen tamostat ko akwai busasshen tabo. A bar ta ta yi zafi a tsaye, sannan a taka: shuɗin hayaƙi daga salansa na nufin turbo ko inji na shan mai. A hau hanya, a sa giya ta huɗu a ƙaramin gudu a danna totur. Lafiyayya za ta ja sumul, marar lafiya za ta yi shaƙuwa ko ta kunna wuta. A leƙa ƙasa a ga ko an yanke matatar hayaƙi an sayar. A sa kwamfuta, a kuma lura ko an goge bayanan laifi jiya-jiya. Takardun kwastam su dace da lambar bodi. In mai ita na alfahari cewa an taɓa birenbos an ƙara mata doki, a yi masa godiya a kama hanya.

Hukunci

Wanda mota ɗaya zai iya riƙewa, ita ce ta zuwa aiki, ita ce ta kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare, ita ce ta zuwa gona, wannan ba motarsa ba ce, komai arahar ta. Araha ba ta ado. In Fijo yake so dole, 406 ko 301 mai giyar hannu za ta fi yi masa biyayya. In kuma ɗanɗanon gudu ne ba zai iya haƙura da shi ba, akwai 206 GTi mai doki 138 da 206 RC mai 177, duka ba turbo, injinsu ɗan lita 2 dangin na 406 ne da makanikai suka sani, illarsu tsufa.

Wanda kuwa yake da wata motar a gida, harkokinsa na kan kwaltar Rano zuwa Kano da Kaduna, yana da amintaccen gidan mai da bakanike mai kwamfuta, to 208 GTi mai giyar hannu, wadda ba a taɓa ba, ita ce mafi daidaito tsakanin ƙarfi da kwanciyar hankali. Mégane RS ta fi ta ƙarfin inji, ta fi ta wahalar kaya. 207 RC da Clio mai kuloci biyu su ne na ƙarshe a layi. Kowacce aka zaɓa, kada kuɗin aljihu ya ƙare a wajen dillali: a ware kaso mai kauri na sarƙa da famfo da tayoyi tun kafin a karɓi makulli, a kuma ɗauka cewa za a kashe shi a shekarar farko.